Yadda ake koyon ɗaukar hoton abinci a wurin malami a birnin Washington

A birnin Washington na Amurka da garuruwan da ke kewaye da shi a jihohin Maryland da Virginia, akwai wata sana'a da ke gudana a gefen manyan makarantu ba tare da hayaniya ba. Ƙwararren mai ɗaukar hoto ne yake karɓar ɗalibi guda, ya zauna da shi na awa ɗaya ko biyu, ya nuna masa yadda ake sarrafa kyamara da haske, a biya shi ladan lokacinsa. Cikin masu neman wannan darasi akwai wanda ya sayi kyamara mai tsada ya kasa gane kanta, da mai ƙaramin gidan abinci da ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararre duk lokacin da ya fito da sabon girki, da matar da ke dafa abinci tana sa hotunansa a Instagram ko TikTok domin jawo masu saye.

Ga mai sayar da abinci a wannan yanki, hoto ne ke riga ƙamshi isa wurin mai saye. Ma'aikaci yana zaune a ofis zai buɗe wayarsa, ya duba hotunan da ke manhajar DoorDash ko Uber Eats, ya zaɓi abin da zai ci da rana. Miyar da ta sha daddawa da man shanu, idan hotonta ya fito dishi-dishi, wuce ta ake yi kamar ba a gan ta ba.

Yadda darasin yake

Bambancin wannan koyarwa da ta aji shi ne babu manhaja guda da kowa zai bi. Malamin kan fara da duba hotunan da ɗalibin ya riga ya ɗauka, domin a cikinsu ake gane inda matsalarsa take: ko hannunsa ne ke rawa, ko haske ne bai iya karantawa ba, ko kuwa tarkace yake cika wa hoto. Daga nan sai a tsara darasin a kan kyamarar da ɗalibin yake da ita, ko da ta waya ce, da kuma irin abin da yake son ɗauka.

Ana haɗuwa a situdiyon malamin, ko a ɗakin girkin ɗalibin, ko a kasuwa. Tun lokacin annobar korona a 2020 wasu darussan sun koma ta bidiyo, inda ɗalibi zai aika hotuna, malami ya yi masa bayaninsu ɗaya bayan ɗaya. Galibi da awa ake biya, kuma awa guda ta wannan darasi ta fi ta aji tsada, tun da mutum ɗaya ne ke ɗauke da kuɗin lokacin malamin. Abin da ɗalibi ke saye da wannan ƙarin kuɗi shi ne gyara nan take: ya ɗauka, a nuna masa kuskurensa, ya sake ɗauka abincin bai ma huce ba.

Tsohuwar hanya ce a Washington

Da yawa daga cikin fitattun masu ɗaukar hoto na birnin a hannun mutum guda suka koya. Frances Benjamin Johnston, wadda aka haifa a 1864, ta samu kyamararta ta farko daga George Eastman, wanda ya kafa kamfanin Kodak kuma aminin danginta ne. Thomas Smillie, mai ɗaukar hoto na farko na cibiyar Smithsonian, shi ya koya mata aikin kyamara da wanke hoto. A 1894 ta buɗe nata situdiyo a Washington, ta riƙa ɗaukar shugabannin ƙasa da iyalansu, kuma a 1897 ta rubuta maƙala a mujallar Ladies' Home Journal tana nuna wa mata cewa za su iya cin abinci da wannan sana'a.

Addison Scurlock ya zo Washington daga jihar North Carolina a 1900 yana matashi. Ya yi kimanin shekara uku yana yaron shago a wurin wani mai hoto farar fata, Moses Rice, sannan ya fara aikin kansa a gidan iyayensa. A 1911 ya buɗe shago a titin U, cibiyar rayuwar baƙaƙen fata ta birnin a zamanin wariya. Ya zama mai ɗaukar hoton Jami'ar Howard, ya ɗauki manyan mutane irin su Booker T. Washington da W.E.B. Du Bois. Shi ya koya wa 'ya'yansa Robert da George, su kuma suka tafiyar da makarantar Capitol School of Photography daga 1948 zuwa 1952. Cikin ɗalibanta akwai tsoffin sojoji baƙaƙen fata da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, da wata budurwa mai suna Jacqueline Bouvier, wadda daga baya ta auri John F. Kennedy. Hotunan gidan Scurlock suna ajiye a gidan tarihin Amurka na Smithsonian.

Labarin Gordon Parks ya nuna wani ɓangare na aikin malami. Parks ya koya wa kansa hoto da kyamarar da ya saya a shagon jingina, ya iso Washington a 1942 domin aiki a ƙarƙashin Roy Stryker, shugaban sashen hotuna na wata hukumar gwamnati mai tallafa wa manoma. Stryker ya sa ya ajiye kyamarar, ya tura shi cikin gari ya shiga kantuna da gidajen abinci da gidajen sinima. Parks ya dawo cike da fushi, domin an yi ta korarsa saboda launin fatarsa. Bayan wannan ne ya ɗauki hoton Ella Watson, mai share ofisoshin hukumar, tsaye da tsintsiya a gaban tutar Amurka, hoton da ya zama ɗaya daga cikin mafi shahara a tarihin ƙasar. Abin da Stryker ya koya masa shi ne mutum ya san abin da zai ɗauka kafin ya ɗaga kyamara.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, inda yaro ke shiga shagon maigidansa ya fara da share-share da riƙe fitila har a yaye shi. Haka Malick Sidibé na Mali ya fara a 1955 a shagon Bafaranshe Gérard Guillat a Bamako, kuma a 2007 ya zama mai ɗaukar hoto na farko da ya samu babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Venice saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa.

Inda ake koyo a yau

A Glen Echo da ke Maryland, dab da kogin Potomac, akwai cibiyar Photoworks da ke aiki tun 1974 a cikin wani tsohon filin wasanni da aka rufe a 1968, aka mayar da shi dandalin masu fasaha. Tana da ɗakin wanke hoto na fim da azuzuwan hoton zamani. A Alexandria ta jihar Virginia, wata tsohuwar masana'antar makaman jiragen ruwa ta koma cibiyar fasaha ta Torpedo Factory a 1974, kuma ƙungiyar Art League da ke da alaƙa da wurin tana koyar da hoto tare da zane da sassaƙa. Sashen ilimin jama'a na Smithsonian shi ma yana shirya darussa ga manya.

Mai son takardar shaida yana iya shiga Montgomery College a Maryland, ko kwalejin al'umma ta arewacin Virginia, ko makarantar fasaha ta Corcoran, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar George Washington a 2014. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu irin su Capital Photography Center da Washington Photo Safari, wanda E. David Luria ya kafa a 1999, da ke fita da ɗalibai cikin gari, suna kuma shirya darasin mutum ɗaya ga mai buƙata. Ƙungiyoyin masu sha'awar hoto na Silver Spring da North Bethesda da arewacin Virginia suna taruwa a kai a kai, inda sabon shiga ke samun masu duba masa aiki a kan kuɗin rajista kaɗan.

Birnin kansa makaranta ce ta kyauta. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana riƙe da miliyoyin hotuna, kuma an sa da dama a intanet. Ba a biyan kuɗin shiga gidajen tarihin Smithsonian da ke birnin. A gidan tarihin Amurka ne aka ajiye ɗakin girkin Julia Child, matar da ta koya wa Amurkawa girkin Faransa ta talabijin, bayan ta ba da shi kyauta a 2001.

Awon haske

Kusan kowane malami da awon haske yake farawa, kuma abubuwa uku ne ke riƙe da shi. Na farko ƙofar da haske ke bi a cikin gilashin kyamara, wadda ake aunawa da lamba mai harafin f. Ƙaramar lamba kamar f/2.8 tana nufin ƙofar ta buɗe sosai, haske ya shiga da yawa, abin da aka saita ya fito tar, bayansa kuma ya dushe. Babbar lamba kamar f/8 tana tsuke ƙofar, sai na gaba da na baya duk su fito. Na biyu tsawon lokacin da marfin kyamara ke zama a buɗe. Idan ya fi kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa daɗewa, rawar hannu kan ɓata hoton, sai an ɗora kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku. Mai son tsayar da zuma ko nono a iska yayin da ake zuba shi yana buƙatar kamar kashi 1 cikin 500. Na uku lambar ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu ƙarfi. A 100 ko 200 hoto kan fito sumul, amma idan aka kai ta dubbai sai ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa rairayi.

Kamar cika tulu ne a famfo: ko a buɗe famfon sosai na ɗan lokaci, ko a buɗe shi kaɗan a daɗe ana jira. Duk abin da aka rage a gefe guda sai an mayar da shi a wani gefen. Idan ɗalibi ya tashi daga f/4 zuwa f/5.6 ya rage rabin hasken, don haka sai ya ninka lokacin da marfin zai zauna a buɗe.

Sai launin haske. Hasken rana tsaka yana wajen 5,500 a ma'aunin Kelvin, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa na cikin gida kuwa yana wajen 2,700. Idon mutum yana daidaita wannan bambanci da kansa, kyamara ba ta iyawa idan hasken biyu suka gauraya. Shi ya sa umarnin farko da malamin hoton abinci ke bayarwa shi ne a kashe fitilun ɗakin, a kashe filashar kyamara, a matsa da faranti kusa da taga.

Ranar Washington da ranar Kano

Wanda ya zo daga ƙasar Hausa sai ya sake koyon halin rana. A Kano tsawon yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara. A Washington yini kan kai kusan awa 15 a ƙarshen watan Yuni, ya ragu zuwa awa tara da rabi a Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma. Mai girkin dare da ya saba ɗaukar hoto da hasken la'asar zai tarar duhu ya riga shi tun daga Nuwamba. Mafita biyu ce: ko a mayar da ɗaukar hoto zuwa hantsi, ko a sayi fitila guda mai ƙarfi a sa mata farin mayafi, a koyi mayar da ita kamar taga.

Malamai a can suna yaba tagar da ke kallon arewa, saboda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye a mafi yawan shekara, haskenta mai laushi ne kuma ba ya saurin canzawa. Wannan ƙa'ida ba ta zauna daram a Kano ba, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da tsakiyar sama. Mai ɗaukar hoto a gida ya fi dacewa da inuwar rumfa ko bakin zaure. Hazon hunturu yana tausasa haske, sai dai yana jawo launi zuwa ruwan ƙasa, wanda sai an gyara.

Kayan sarrafa haske ba su da tsada. Farin labule mai shara-shara yana karya zafin rana. Farin kwali a ɗaya gefen farantin yana mayar da haske cikin inuwa, baƙin kwali kuma yana ƙara mata duhu idan ana son abincin ya fito da siffarsa. Hasken da ya zo ta gefe ko ta baya shi ke nuna laushi ko ƙarfin abinci, wanda ya zo ta gaba kuwa shafe shi yake yi.

Tuwo da tsire a gaban kyamara

Yawancin misalan da ake koyarwa da su a Amurka na burodi ne da kek da ganyayyaki masu launi. Abincin Hausawa yana da nasa hali, kuma a nan ne darasin mutum ɗaya ke da amfani, tun da ɗalibi na iya zuwa da kwanonsa.

Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne tsakanin fari da baƙi. Saboda haka idan tuwon shinkafa ko fura da nono suka cika hoto, kyamara za ta rage haske su fito toka-toka, sai mai ɗauka ya ƙara hasken da hannunsa. Miyar kuka akasin haka take: duhunta kan sa kyamara ta ƙara haske har launin ya koɗe. Idan an haɗa su a hoto guda, ana auna hasken a kan tuwon domin kada farinsa ya ƙone, sannan a yi amfani da farin kwali a haska miyar. Hasken da ya zo daga baya ta gefe shi ke fito da sheƙin man shanu a samanta.

Tsire da balangu suna son haske ƙasa-ƙasa daga gefe, wanda zai nuna ƙwayoyin ƙuli-ƙuli da yaji. Albasa da tumatir da kabeji su ne ke karya launin ƙasa-ƙasan naman. Nama yana bushewa cikin 'yan mintuna, don haka ana shirya komai da farantin da babu kowa a ciki, a saita kyamara, sai a kawo naman daga wuta a ƙarshe. Zoɓo a kofin gilashi baƙi yake fitowa sai an haska shi ta baya, a lokacin ne jansa ke bayyana. Tururi ma haka yake, ba ya fitowa sai da haske ta baya da bango mai duhu.

Kusurwa uku ake yawan amfani da su. Daga sama kai tsaye ya dace da abin da ke shimfiɗe, kamar kilishi ko tiren buɗa-baki mai kwanuka da yawa. Daga daidai tsayin teburi ya dace da abin da aka jera bisa juna, kamar masa ko funkaso. Tsakanin biyun, wato yadda mai ci ke kallon abincinsa, ya dace da kwano mai zurfi. Gilashin kyamara mai milimita 50 ya isa mafari. Mai amfani da waya kuma gara ya ja baya ya yi amfani da gilashin da ke kusanto da abu, domin idan ya matso da wayar sosai gefen faranti kan lanƙwashe. Akushi da ƙwarya da ludayi da faifai sun fi faranti mai ƙyalli sauƙin ɗauka, saboda ba sa mayar da haske.

Gyaran hoto a manhajoji irin su Lightroom ko Snapseed shi ne mataki na ƙarshe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: dafa-dukar da aka cika wa ja har ta koma kamar fenti, mai kallo yana ganewa.

Kasuwar da ke jiran ɗalibi

Yankin Washington yana da abin ɗauka. Nan ne 'yan Habasha suka fi yawa a duk Amurka, gidajen abincinsu sun cika Silver Spring da wasu unguwannin birnin. Gundumar Prince George's ta Maryland tana cikin wuraren da 'yan Najeriya suka fi taruwa a ƙasar, da shagunan kayan miya da masu gasa tsire. Cibiyar Eden da ke Falls Church ta 'yan Vietnam ce. Kasuwar Eastern Market tana ci tun 1873, kasuwar kifi ta Maine Avenue kuwa tun 1805. Gidan abinci na Ben's Chili Bowl da Ben Ali da matarsa Virginia suka buɗe a titin U a 1958 yana nan har yau.

A 2016 kundin Michelin mai tantance gidajen abinci ya fara fitowa domin Washington, abin da ya ƙara zafafa gasa. Kwame Onwuachi, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a wurin kakansa a Najeriya, ya samu lambar James Beard ta matashin mai girki a 2019 yana aiki a birnin, inda ya sa dafa-duka da sauran abincin Afirka ta Yamma a teburin manyan baƙi. Duk gidan abinci, babba ko ƙarami, yana buƙatar hotuna domin jerin abincinsa da shafukansa na sada zumunta, kuma daga nan ne sabbin masu ɗaukar hoto kan samu aikinsu na farko.

Dokokin da ya kamata a sani

Malami nagari ba ya tsayawa a kan kyamara, domin a Amurka hoton abinci yana iya jawo shari'a. Hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayya, FTC, wadda hedikwatarta ke Washington, ta taɓa tuhumar kamfanin miyar gwangwani na Campbell a ƙarshen shekarun 1960, bayan an gano ana zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwano domin kayan lambu su taso sama a hoton talla. Ɗaliban lauya na Jami'ar George Washington sun shiga maganar suna neman a tilasta wa kamfanin gyara tallarsa a bainar jama'a. Hukumar ba ta kai ga haka ba, amma a 1970 kamfanin ya amince ya daina. Ƙa'idar da ta rage ita ce abin da ake tallatawa dole ya zama shi ne a hoton.

A 2009 hukumar ta faɗaɗa ƙa'idojinta zuwa masu yabon kaya a intanet, ta sake sabunta su a 2023. Wanda aka ba kuɗi ko abinci kyauta domin ya yabi wani gida dole ya bayyana hakan a fili, a inda mai kallo zai gani. Daga Oktoban 2024 kuma wata doka ta hana sharhin ƙarya da sayen mabiya na bogi domin yaudarar masu saye.

Haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne tun daga lokacin da ya ɗauka, sai idan ma'aikaci ne da ya yi shi a bakin aikinsa, ko ya miƙa haƙƙin a rubuce. Mai gidan abincin da ya biya kuɗin hoto izinin amfani ya saya, gwargwadon yarjejeniyarsu. Kafin a kai ƙara kotun tarayya a kan hoton da aka yi a Amurka sai an yi masa rajista a ofishin haƙƙin mallaka, wanda ke karɓar hotuna har 750 a takarda guda. Tun 2022 akwai kwamitin da ke sauraron ƙananan ƙararraki da diyyarsu ba ta wuce dala 30,000 ba. Jerin kayan haɗin girki shi kaɗai doka ba ta kare shi, amma tana kare hoton da kuma bayanin da mutum ya rubuta da kalmominsa.

Gidajen tarihin Smithsonian ba sa barin masu ziyara su kafa sanda mai ƙafa uku. Filin National Mall da gefen tafkin Tidal Basin, inda itatuwan da birnin Tokyo ya ba Washington a 1912 ke fure a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, suna ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa, kuma mai koyarwa don kuɗi a wurin yana buƙatar izininta. Wanda ya shiga ƙasar da bizar ziyara ba shi da izinin yin aikin kuɗi, mai bizar karatu ma an iyakance masa. Wanda ribarsa daga aikin kansa ta kai dala 400 a shekara dole ya sanar da hukumar haraji. Mai sayar da girkin gida kuma ya sani cewa dokokin yankin sun fi sassauci ga abin da ba ya buƙatar firji, kamar cincin da burodi, nama da miya kuwa suna buƙatar ɗakin girki mai lasisi. Ma'aikatar noma ta Amurka tana gargaɗin kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa biyu a waje, don haka farantin da ya daɗe a gaban kyamara ba na sayarwa ba ne.

Zaɓen malami

Babu lasisin gwamnati da ake buƙata kafin mutum ya kira kansa malamin hoto, saboda haka tantancewa tana wuyan ɗalibi. Ƙungiyoyi irin su Professional Photographers of America suna ba da shaidar ƙwarewa, sai dai ƙwararru da yawa ba su da ita, kuma iya ɗauka daban, iya koyarwa daban. Gani ya kori ji: a duba hotunan malamin, a tabbatar akwai na abinci a ciki, domin gwanin hoton biki ba lallai ya san halin miya ba. A nemi ganin aikin ɗalibansa na da, kafin darasi da bayansa.

Yana da kyau a rubuta kuɗi da tsawon lokaci da abin da zai faru idan wani ya fasa zuwa. A fara da darasi guda kafin a biya na watanni, kuma haɗuwar farko ta kasance a wurin da jama'a suke. Malamin da ya fara da jerin kayan da sai an saya, ko ya yi alƙawarin dubban mabiya cikin makonni, abin a yi hattara da shi ne. Wanda ya san aikinsa yakan ba da aikin gida ƙarami, misali a ɗauki kwano guda a bakin taga guda da safe da rana da yamma, a kawo a kwatanta.

Amfanin wannan koyo bai tsaya ga ciniki ba. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya sayi ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar kitson mata har ya tara kusan hotuna dubu, waɗanda yanzu ake komawa gare su domin sanin salon da ya shuɗe. Gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian yana ajiye da hotunan Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Benin, kuma ya baje kolinsu a 2014. Abincin Hausawa ma yana buƙatar masu yi masa irin wannan hidima. Hotunan dambu da alkubus da ɗanwake da ake ɗauka a gidajen Hausawan Maryland da Virginia ranar Sallah su ne yaran da aka haifa a can za su duba nan gaba idan suna son sanin yadda iyayensu ke girki da yadda suke zuba shi a kwano.